Bishiyarmu ta Fari

Ludomir ne ya hau da ita a kafaɗa,
bene hawa huɗu, yana haki,
tana zubar da alluranta a kowace matakala
kamar mai gudun kada hanyar daji ta ɓace mata.
Mai sayarwa a kasuwar Łódź ya yi masa ragi
don ta karkace, ga sanƙo a gefe guda.
Muka juya sanƙon ya kalli bango.
Dama bango aka sani da rufa asirin gida.

Mazauninta bokitin wanki ne,
da yashi, da rabin bulo.

Shekara shida muna cin Kirsimeti a gidajen mutane,
bana wajen uwarsa, baɗi wajen yayata,
inda kowane ado ya san reshensa tun kafin a haife mu,
mu dai namu mu yaba, mu wanke kwanuka.
Kayan aro ba ya rufe katara.
Yau ga tamu, tsirara, tana ƙamshin ƙaro.

Abu ɗaya na gada: ƙwallon gilashin kakata Bronisława,
shuɗi, a naɗe cikin tsohuwar jarida.
Ya yi ƙaura uku bai tsage ba.
Dobrusia ta miƙo hannu biyu.
Shekararta uku. Na ba ta.

Ƙarar ba ta kai ta cokali a bakin kofi ba.

Babu wanda ya motsa.
Na ji kakata ta sake mutuwa, a hankali, bisa dabe.
Leɓen yarinyar ya soma rawa,
sai ta ruga kicin,
ta dawo da ƙaramin cokalin shayi.
Ta ce, wannan ma yana ƙyalli, Mama,
kuma ba ya fashewa.

Muka ɗaure shi da jan zare.

Daga nan sai hannu ya buɗe.
Ludomir ya laluba aljihun rigar aikinsa,
ya fito da tikitin bas ɗin da yake tuƙawa.
Na kawo makullin ɗakin hayarmu na farko
wanda na manta ban mayar ba.
Ɓawon lemo busasshe, takalminta na jarirai, ƙafa ɗaya,
ɗayar ta bi kwata tun wani bazara.
'Yar hular ƙarfen da ta rage daga ƙwallon kaka
na rataye ta can ciki, kusa da gindi,
inda ni kaɗai na sani.

Tauraron kwali muka yanka.
Da yake bishiyar a karkace take,
sai ya leƙa taga yana neman 'yan'uwansa.
A nan ba a cin abinci sai tauraron fari ya fito.
Gajimare ya rufe sama, dusar ƙanƙara na sauka,
miya tana hucewa.
Dobrusia ta yi ihu, ga shi can!
Fitilar saman wani gini ce da ba a gama ba.
Muka dubi juna. Muka ce, lallai shi ne.

Ciyawa a ƙarƙashin mayafin tebur,
faranti ɗaya babu mai shi, na baƙon da ba a gayyata ba.
Aka buga ƙofa.
Tsoho Ignacy ne na hawa na biyu,
tsintsiya a hannu, faɗa a baki:
wa ya ɓata matakala da ganye?
Ludomir ya ja masa kujera.
Ya ci kifi, ya ƙara, bai ƙarasa faɗan ba.
Da zai tafi ya tsinke maɓallin kwat ɗinsa,
ya ce a nema masa reshe, ba na ƙasa ba.

Ban san yadda al'ada take somawa ba.
Ina jin baɗi yarinyar za ta tambaya, ina cokali?
Kuma wani zai bar allurai a matakala da gangan.

Da safe na haɗa shayi,
na nemi abin motsa sukari na rasa.
Yana can bisa reshe yana juyi.
Na motsa da bayan wuƙa.